Huhu, Buhu da Takarda: Tarihin Mazubin Abinci da Masu Ƙaramin Jari a Illela

Wanda duk ya san kasuwar Illela, wadda ke ci ranar Lahadi a bakin iyakar ƙasar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, ya san cewa in aka ɗebe dabbobin da ke shiga kara da ƙafafunsu, da wuya wani abu ya ƙetare wannan iyaka face a cikin buhu. Gero da dawa da masara suna yin arewa, wake da albasa suna yin kudu, kuma dillali da ɗan dako da direba da ma'aikacin kwastan kowannensu da buhu yake lissafin hakkinsa. Amma in mutane suka zauna zancen ciniki, galibi abin da ke cikin buhun suke ambato, alhali kuwa tun zamanin da ba a ja wannan iyaka ba, mutumin da ya tara 'yan kuɗinsa da ƙyar, ya ba wani ya juya masa, ribarsa da hasararsa sun fi rataya a kan mazubi da maɗauri bisa ga yadda suka rataya a kan hajar kanta. Dalili kuwa shi ne, tsakanin gona da bakin mai ci akwai nisa, akwai kuma jinkiri, kuma babu abin da ke tsare abinci daga sharrin waɗannan biyu sai abin da aka ƙunshe shi da shi.

Ƙasar da Illela ke cikinta mararraba ce tun asali, domin tana tsakanin Adar da Gobir da fadamun Rima, kuma Birnin Ƙonni, wanda ya girme ta a suna da tarihi, yana ɗan taƙi kaɗan a arewa da ita. Ta nan Buzayen Kel Geres ke gangarowa da gishirin Bilma zuwa Sakkwato, kowane kantu an naɗe shi da tabarmar kaba don kada ya farfashe a bayan raƙumi, sa'an nan su koma da hatsi a cikin taiki, watau babbar jakar fata wadda ruwa ba ya ratsa ta da sauri, ɓera ma sai ya wahala. Man shanu da man gyaɗa a tandu ake zuba su, ruwan tafiya a salka, kayan jaki a mangala. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan mazubai a gida ake yin su: majemi ya jeme fata da bagaruwa, baduku ya ɗinka, mata su saƙa kaba, saboda haka falke ya san wanda ya yi masa taikinsa, ya san ƙofar gidansa, in ɗinki ya kwance a hanya ya san wanda zai je ya yi wa magana.

Amma inda hikimar ƙunshi ta kai matuƙa shi ne a fataucin goro, kuma a nan ne ya kamata mu daɗe, domin a nan ne aka fara irin muhawarar da har yau ba ta ƙare ba. Goro ɗan kurmi ne, a dazuzzukan Asante yake fita, a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja fatake ke sayensa, su bi da shi ta Yandi da Sansanin Mango da ƙasar Bargu, su ƙetare Kwara, su iso Jega da Sakkwato, daga nan wani sashe ya wuce ta Ƙonni zuwa Adar da Abzin. Tafiyar dawowa kaɗai takan ci wata biyu ko uku, da rani, cikin hunturu da iska mai busar da kome, alhali goro ba ya jure bushewa, ba ya kuma jure yawan laima. In ya sha iska ya yanƙwane, in ya jiƙe ya yi fumfuna, in sankara ta shiga guda ɗaya ba a tsame shi ba sai ta bi sauran. Maganin da fataken goro irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe shi ne ganyen fita, mai faɗi da santsi, wanda ake shimfiɗawa a cikin waga ko a naɗe huhu da shi, a ɗaure tamau da igiya. Sa'an nan bayan 'yan kwanaki, idan ayari ya sauka zango, a kwance kaya, a zaɓe goron ɗaya bayan ɗaya, a fitar da mai aibi, a yayyafa ruwa, a sake ganyen da ya mutu, a mayar a ɗaure. Aiki ne mai gajiyarwa bayan wunin tafiya, kuma gaskiya ta wajabta a faɗa cewa da yawa daga hannuwan da suka yi shi, da kawunan da suka ɗauki kayan, na bayi ne waɗanda ba su da rabo a ribar.

To, wannan fatauci ba attajirai kaɗai ke da dukiya a cikinsa ba. Malamin zaure da ya tara sadakar sauka, da tsohuwar da ta sayar da zarenta, da matar kulle mai dakan fura, da manomin da ya sami rarar hatsi, sukan ba falken da ke shirin tafiya abin da ya sawwaƙa, bisa ga mu'amalar da fukaha'u ke kira kiradi, wadda hukunce-hukuncenta ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Halil, littattafan da kowane ɗalibin ilmi na ƙasar Sakkwato ya sani. Sharuɗɗan a bayyane suke: jari ya kasance kuɗi ne ba haja ba, a ambaci rabon riba da juzu'i sananne, rabi ko sulusi, ba da adadi yankakke ba, ba a raba riba sai kaya sun koma kuɗi, in aka yi hasara mai dukiya ne ke ɗauka, ma'aikaci kuwa wahalarsa ce ta tafi banza, kuma ba a ɗora masa lamuni sai in ya ƙetare sharaɗi ko ya yi sakaci. Mai karatu ya dubi wannan sharaɗi na ƙarshe da kyau, zai ga cewa a fataucin goro kusan duk mas'alar sakaci mas'alar huhu ce. In 'yan fashi suka faɗa wa ayari a Bargu, ko kwalekwale ya kife a Kwara, wannan ƙaddara ce, babu mai tuhumar falke. Amma in ya iso da goro baƙi, yanƙwananne, alhali abokan tafiyarsa sun iso da nasu garau, to, babu makawa a tambaye shi sau nawa ya kwance kaya, yaushe ya sake ganye. Saboda haka masu ƙaramin jari na wancan zamani, idan suna jayayya a kan wanda za su ba amanarsu, ba zaƙin bakinsa suke aunawa ba, yadda kayansa suka iso bara suke tunawa, kuma abin da suke jayayya a kansa abu ne da idonsu ya gani.

Zuwan Turawa ya sauya wannan duka, ko da yake ba a rana ɗaya ba. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa. A 1903 Ingilishi suka ci Sakkwato. Yarjejeniyar Ingilishi da Faransawa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, wadda ta bar Ƙonni a hannun Ingilishi, amma da Faransawa suka koka cewa ba su da hanya mai ruwa tsakanin Kwara da Damagaram, sai aka sake rabo a 1904 da 1906, aka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908, Ƙonni ta koma ɓangaren Faransa. Daga nan ne matsayin Illela ya ɗaukaka, domin ta zama ƙofa ta ƙarshe, inda hukunci ɗaya ke ƙarewa wani ya fara, inda kuɗi biyu da awo biyu ke haɗuwa. Goro kuwa ya bar hanyar Gwanja ya bi jirgin ruwa zuwa Ikko, ya hau jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, bai kuwa taɓa isowa Sakkwato ba.

Tare da jirgin ƙasa buhun algarara ya shigo, wanda ake saƙawa a Kalkata ta Indiya da Dandi ta ƙasar Sikotilan, kamfanonin Turawa suna rarraba shi ga masu sayen gyaɗa da auduga, har aka gina dalar gyaɗa da shi a Kano. Ba za a musa amfaninsa ba: ya fi taiki sauƙin kuɗi, ya fi shi sauƙin ɗauka, yana shan iska, ana tara shi bisa juna har ya yi tsauni. Amma a karo na farko mai yin mazubi ya yi nisa da mai amfani da shi, nisan da ba a iya zuwa a yi masa magana, kuma buhu ya tashi daga zama mazubi kaɗai ya zama ma'auni, wanda da shi ake yanke farashi da haraji da kuɗin mota. Sana'o'i suka tsiro a gefensa, na masu sayar da tsohon buhu da masu bin sa da basilla suna toshe huda. A shekarun 1960 an kafa masana'antar buhu a Jos da fatan ramar ƙasar nan ta maye gurbin zaren Indiya, amma fatan bai cika ba. Da masana'antar siminti ta Kalambaina ta fara aiki a 1967, sai takardar buhunta ta zama maƙunshin tsire da kilishi. Leda ta biyo baya ta kori ganye daga hannun masu ƙosai da alala. A farkon shekarun 1970 kuma kamfanin Bagco ya fara saƙa buhun roba a Ikko, daga baya ya buɗe masana'anta a Kano, har sunansa ya zama sunan kowane buhu irin wannan a bakin jama'a.

Hatsi ya karɓi buhun roba, albasa kuwa ta ƙi, kuma albasa ce dukiyar wannan yanki, daga Galmi da ke gabas da Ƙonni, wadda irinta ya yi suna har Akara da Abijan, zuwa fadamun Kalmalo da Gada da Wurno da Goronyo. Albasa tana numfashi, tana fitar da gumi, in aka toshe ta a roba cikin zafin bazara sai ta dahu a tsaye. Saboda haka har yanzu tsohon algarara ake nema mata, da yawansa buhunan koko ne da motoci ke dawowa da su daga Gana da Kwaddibuwa. Ana cika shi har ya wuce baki, sa'an nan a ɗinka masa hula, ya zarce kilo 100 nesa ba kusa ba, domin mai saye da buhu yake biyan manomi, da buhu yake biyan mota da haraji, ko wace albasa ya ƙara a cikin hula riba ce gare shi. Wanda ke biyan wannan riba shi ne manomi, da ɗan dakon da bayansa ke lalacewa tun yana saurayi, da albasar ƙasan buhu wadda nauyi ke murƙushewa. An daɗe ana kira a koma ga ƙaramin buhu mai raga na kilo 25 ko 50, kuma a ganina babu wata hujja ta adalci da za a kawo a kan ƙin wannan kira, sai dai al'adar lissafi da buhu ta fi ƙarfin nasiha.

A cinikin albasa ne kiradin dā ya fi rayuwa. Lokacin kaka tata, wajen Maris da Afrilu, farashi yakan faɗi ƙasa warwas, sai malamin makaranta da mai shago da matar da ta kwashi adashi su haɗa kuɗi su ba wanda ya iya ajiya, ya saya ya jera a rudu, watau bukkar kara mai dandamali wadda iska ke ratsawa ta ƙasa, a jira ƙarshen damina lokacin da albasa ke tsada. Jayayyarsu kuwa ita ce ta kakanninsu: rudun wa ya yi yoyo bara, wa ke shiga ya tsince ruɓaɓɓiya, wa ya san albasar da aka cika wa taki da ruwa ba ta ajiyuwa, domin sau da yawa sulusin kayan ko fiye yakan tafi a ruɓa da ƙanƙancewa kafin a buɗe. Wake ya fi ta sa'a, saboda tun daga 2007 aka fara yaɗa buhu mai hawa uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da masu bincike na Marwa da Maraɗi, ana kuma yin sa a Kano. In aka ɗaure shi da kyau iska takan ƙare wa ƙwaro ya mutu, ba tare da an barbaɗa wa abincin mutane guba ba. Da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka kuma sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 bayan juyin mulkin Yamai, bambancin ya fito fili, domin mai wake ya iya jira, mai albasa kuwa yana tsaye kayansa ke zubar da ruwa a cikin tirela.

Saura nau'i na uku na jari, wanda ba huhu ba ne, ba kuma rudu ba, takarda ce. Kasuwar hannun jari ta Ikko ta fara ciniki a 1961, amma ba ta shiga zaurukan talakawan Arewa sosai ba sai bayan 2004, lokacin da Babban Banki a ƙarƙashin Charles Soludo ya wajabta wa kowane banki jarin naira biliyan 25, bankuna suka bazama neman kuɗi, ana miƙa wa mutum takardar sayen hannu a duk reshen da ya shiga, kuma wanda ya saya bara yana ganin kuɗinsa sun ninka a bana. Cikin wannan zazzaɓi ne kamfanin Bagco, wanda ke ƙarƙashin kamfanin gari na Flour Mills, ya sayar wa jama'a wani sashe na hannayensa, aka shigar da shi kasuwa a 2008. Ga mutumin bakin iyaka babu kamfanin da ya fi wannan saurin shiga hankali, kuma hujjar mai sha'awarsa mai ƙarfi ce: banki ba ka san abin da yake yi da kuɗinka ba, amma buhu ga shi kana zaune a kansa, siminti da taki da gari da gishiri da sukari duka sai da shi, kuma muddin ana ci ana gini ba za a daina nemansa ba. Mai ja da baya kuwa hujjarsa ta fi ɓoyuwa, amma ba ta fi rauni ba: ƙwayar robar da ake saƙa buhun da ita daga man fetur take, farashinta dala yake bi, wutar lantarki babu, sai injin, kuma wanda ya riƙe mafi yawan hannayen kamfanin shi ne kuma babban mai sayen buhunsa, to, in muradin mai saye da na mai sayarwa suka haɗu a hannu guda, wa zai tsaya wa mai hannu ɗari biyar? Ma'abuta ilmi suka ƙara tasu mas'alar, cewa sana'ar buhu halal ce babu shakka, amma ina hukuncin kamfanin da ke cin bashin banki da kuɗin ruwa?

Abin da ya biyo baya sananne ne. Kasuwa ta kai ƙololuwa a Maris na 2008, sa'an nan ta rushe, cikin shekara guda ta zubar da kimanin kashi biyu cikin uku na darajarta, mai kyau da maras kyau duka suka gangara tare. Tsakanin 2012 da 2013 aka narkar da Bagco a cikin Flour Mills, wanda ya sayi rabo a masana'antar buhu ya wayi gari da ɗan rabo a kamfanin gari da taliya. A ƙarshen 2024 kuma mai rinjayen hannaye a Flour Mills, watau Excelsior Shipping, ya saye na sauran a kan naira 86 kowane hannu, aka cire kamfanin daga kasuwa. Ba na cewa an yi zalunci a shari'ance, domin an kira taro, an ƙirga ƙuri'a, kotu ta tabbatar. Kuma mai cewa ba za a daina neman buhu ba bai yi kuskure ba, ga shi har yau ana saƙawa ana sayarwa. Inda ya kasa hangowa shi ne, dawwamar buhu dabam, dawwamar rabonsa a cikin ribar buhu dabam. A kiradi tsohuwa mai zare ita da falke fuska da fuska suke, ta san gidansa, alƙali ya san su duka biyu, kuma babu wani na uku da zai yanke cewa a mayar mata da jarinta a kan farashin da ba ta yarda da shi ba. A kamfani kuwa rinjaye ke hukunci, taron a Ikko ake yinsa, da Turanci, kuma sanarwarsa a jaridar da ba ta zuwa Illela take fita.

Wannan nisa ya haifar da wata hasara wadda ta fi faɗuwar farashi ban tausayi, domin ita ana iya magance ta. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta bayyana a 2023 cewa ribar da masu ita ba su karɓa ba ta kai kimanin naira biliyan 190. Da yawa daga waɗanda suka saya a shekarun zazzaɓin nan sun sauya gari, ko an rubuta sunansu ba daidai ba, ko bankin da suka saya ta hannunsa ya mutu, ko su kansu sun riga mu gidan gaskiya, takardar tana ƙasan adaka tare da takardun gona, magada suna ganinta ba su san dukiya ba ce. Kuɗin nan kuwa ba su ɓace ba, ta hannun magatakardan kamfanoni ake neman su, ana biyan wanda ya zo da shaidar kansa da lambar asusunsa na banki, ana kuma biyan magada in sun kawo takardar kotu. Haƙƙi ne a kan limamai da alƙalai da malaman da ake kira rabon gado a Illela da Gwadabawa da Gada, cewa idan suna ƙididdige tarikar mamaci, bayan gida da gona da dabbobi da bashin da yake bi a kasuwa, su tambayi iyalinsa ko ya taɓa sayen hannun jari, su sa a buɗe adaka a fito da takardun, domin a cikin magadan nan akwai marayu, kuma ba ya halatta a rufe rabo alhali wani sashe na dukiyarsu yana ajiye a Ikko.